Neman salon hoto a finafinai: amsa ga mai neman madubi da bakin ƙofa

Wani ɗan'uwa da ke koyon ɗaukar hoto ya turo tambaya, ga ta a taƙaice. Ya ga wata fitowa a wani fim inda mutum yake zaune bai motsa ba, amma duk abin da ke bayansa yana ja da baya kamar ƙasa ce take miƙewa. Abin ya tsaya masa a rai, yana son ganin wasu finafinan da suka yi haka, sai dai bai san sunan abin ba. Na biyu, yana shirya gajeren fim a kan wata mata da take jin an kulle ta a cikin rayuwarta, don haka yana neman finafinan da suke yawan nuna mutane ta cikin madubi, ko taga, ko bakin ƙofa. Ya bincika a Google har ya gaji, ba abin da yake samu sai jerin "finafinai goma mafi kyau".

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Tambayoyinka biyu sun yi kama, amma ba hanya ɗaya ake bi wajen nemansu ba. Ta farkon dabara ce, wato abin da ake yi da kyamara, ko gilashinta, ko fitila, ko a wajen tace hoto. Dabara tana da suna, tana da tarihi, sau da yawa har an san wanda ya fara ta da shekarar da ya fara. Da ka kama sunan, sauran aikin mai sauƙi ne. Ta biyun kuwa, madubi da taga da ƙofa, alama ce da mai fim yake maimaitawa har ta ɗauki ma'ana. Ita wannan babu inda aka yi mata rajista. Kusan kowane fim a duniya akwai ƙofa a cikinsa, injin bincike kuwa ba zai iya bambance maka ƙofar da aka shiga kawai da ƙofar da take faɗin wani abu ba. Wannan sai an bi sawun mutane, wa ya koya daga wa, wa ya riƙe wa wa kyamara.

Bari mu fara da mai sauƙin. Abin da ka gani sunansa da Turanci "dolly zoom". Yadda ake yin sa shi ne, ana ɗora kyamara a kan keken da ke gudu bisa ƙaramin layin dogo, a tura ta wajen jarumi, a daidai lokacin kuma a juya gilashin zuƙowa ya buɗe. Tafiyar kyamara tana ƙara girman fuskar, buɗewar gilashi tana rage shi, sai su biyun su cinye juna, fuskar ta tsaya yadda take. Amma bayan jarumin ba ya cikin wannan lissafi, shi ya sa yake zamewa. Idan aka juya abin, kyamara ta ja baya gilashi ya zuƙo, sai bayan ya riƙa matsowa yana danne mutum. Fim ɗin da ya fito da dabarar duniya ta san ta shi ne Vertigo na Alfred Hitchcock, 1958, inda jarumin mai tsoron tsawo yake leƙa ƙasa daga matakalar hasumiya, ƙasan ta riƙa nisa da shi. Hitchcock ya gaya wa daraktan Faransa François Truffaut, a littafin hirarsu da ya fito a 1966, cewa ƙaramin kwaikwayon matakalar aka gina aka kwantar da shi a gefe, domin ɗaga kyamara sama da ƙasa a matakala ta gaske zai ci kuɗi da yawa.

Daga yadda ka kwatanta, ina kyautata zaton Jaws ka gani, na Steven Spielberg, 1975. Shugaban 'yan sanda yana zaune a kujera a bakin teku, hankalinsa duk yana kan masu iyo, sai kifin ya kama wani yaro. A cikin 'yan daƙiƙu kyamara ta rugo fuskarsa, bakin tekun da ke bayansa ya buɗe ya yi nisa. Mai kallo yana jin abin a cikinsa kafin ya gane me ya faru. To bayan ka kalli wannan, ka nemi Goodfellas na Martin Scorsese, 1990, wajen ƙarshe, inda mutum biyu suke zaune fuska da fuska a gefen taga, tsofaffin abokai ne amma ɗayan ya fara zargin ɗayan yana shirin kashe shi. Dabarar ɗaya ce, sai dai an yi ta a hankali ƙwarai, kuma ta ɗaya ɓangaren: motocin da ke waje da ginin da ke tsallaken titi suna ta matsowa kan tagar ba tare da ka lura ba. Mutane da yawa sun kalli wannan fitowa ba su ga komai ba, sun dai ji ƙirjinsu ya yi nauyi. A wurina wannan ta fi ta Jaws koyarwa, domin tana nuna maka cewa saurin da aka yi dabara da shi yana iya sauya aikinta gaba ɗaya. Akwai ta kuma a La Haine, fim ɗin Faransa na 1995, lokacin da samarin unguwar bayan gari suka iso tsakiyar birnin Paris.

Abu ɗaya da zai taimake ka a bincike: dabara ɗaya takan amsa sunaye da yawa. Wannan ɗin ana kiran ta "Vertigo effect", ana kiran ta "zolly", wasu su ce "trombone shot", Faransawa kuma su ce "travelling compensé". Kowane suna zai buɗe maka wani tarin rubutu da bidiyo da ɗayan bai buɗe ba. Haka doguwar ɗauka wadda ba a yanka ba, masu sharhi suna cewa "long take", ma'aikatan fim suna cewa "oner", Faransawa suna cewa "plan-séquence". Nuna mutum a cikin ƙofa ko taga, wanda kake nema, da Turanci "frame within a frame" ne, da Faransanci "surcadrage". Ko ba ka jin Faransanci, ka gwada kalmominsu, saboda sun daɗe suna rubutu a kan siffar hoto, kuma misalan da za su kawo maka ba su ne waɗanda shafukan Amurka suke ta juyawa ba. Idan kuma ba ka san sunan abu ba sam, ka rubuta abin da idonka ya gani dalla-dalla: me ya motsa, me ya tsaya, ta ina haske ya shigo. Sannan ka buɗe ƙamus ɗin da ke bayan littafin Film Art na David Bordwell da Kristin Thompson, wanda ya fara fitowa a 1979 ana kuma ta sabunta shi. Wuni guda da wannan ƙamus zai rage maka wahalar watanni.

Sai dai ka yi hattara, samun suna ba shi ne samun gaskiya ba. Ɗauki misalin doguwar ɗauka. Za ka ga jeri a intanet an tara Rope, Birdman, 1917, Russian Ark da Victoria a kwando ɗaya, wai duk finafinai ne da aka ɗauka a tashi guda. Ba haka ba ne. A 1948, lokacin da Hitchcock ya yi Rope, zaren fim ɗin da kyamara take ɗauka ba ya wuce na kusan minti 10, don haka idan ya kusa ƙarewa sai a kai kyamara bayan rigar wani har allo ya yi duhu, a sauya zare, a ci gaba. Birdman na 2014 da 1917 na 2019 su ma ɗinki ne, an ɓoye wurin haɗin da duhu, da wucewar wani abu a gaban kyamara, da kuma aikin kwamfuta. Russian Ark na Alexander Sokurov, 2002, shi ne aka ɗauka da gaske a tashi ɗaya, kusan sa'a ɗaya da rabi, a gidan tarihi na Hermitage da ke Saint Petersburg a Rasha. Victoria na 2015 ma haka, fiye da sa'a biyu a titunan Berlin da asuba, sau uku suka gwada, ta ukun aka fitar. Ga mai kallo bambancin ba zai dame shi ba. Ga kai mai son koyon yadda ake yi, bambancin shi ne darasin gaba ɗaya.

Haka nan ake rikita wasu dabaru biyu da suke sa na kusa da na nesa su fito tar a lokaci guda. Ɗaya ita ce wadda mai ɗaukar hoto Gregg Toland ya shahara da ita a Citizen Kane, 1941, da gilashi mai faɗi, da ƙuntata ƙofar haske, da fitilu masu ƙarfi. Ɗayar kuma rabin gilashi ne ake maƙala wa a gaban kyamara, "split diopter", sai gefe ɗaya na hoton ya ga kusa, ɗayan ya ga nesa. Alamar gane ta ita ce wani siririn layi mai hazo a tsakiya, wanda masu wayo suke ɓoyewa a jikin ginshiƙi ko cikin duhu. Ka duba All the President's Men na 1976, inda ɗan jarida yake kan waya abokan aikinsa suna can baya a gaban talabijin, da Blow Out na Brian De Palma, 1981, inda mujiya take cike rabin allo mutumin yana can kan gada.

Yanzu wuraren nema. ShotDeck, wanda mai ɗaukar hoto Lawrence Sher ya kafa, rumbu ne na hotunan da aka tsamo daga finafinai, kowane hoto an yi masa alama da launi, da irin haske, da girman ɗauka, da lokacin yini, da abin da ke cikinsa. Kana iya cewa madubi, dare, mace ɗaya, jan launi, ya jero maka. Na biya ne. Film-Grab kyauta ne, amma an tsara shi fim-fim da darakta-darakta, don haka ya fi amfani idan ka riga ka san wanda kake zargi kana son tabbatarwa. A IMDb, rumbun bayanan finafinai na intanet, akwai shafuka biyu da mutane suke tsallakewa: na kalmomin alama, da na bayanan fasaha inda ake rubuta kyamara, gilashi, irin zaren fim da faɗin allo. Na fasahar ya fi amana. Kalmomin alama kuwa masu ziyara ne suke sakawa, za ka tarar fim ya sami alamar madubi don kawai wani ya aske gemu a gabansa sau ɗaya. A Letterboxd, dandalin masu kallon fim, jerin da mutane suke haɗawa da hannunsu yana da daraja idan ka dace da mai ido, kuma za ka gane mai ido ne idan ya rubuta minti nawa abin ya faru. TV Tropes, shafin da ke tara salon da ake maimaitawa a finafinai da labarai, yana da misalai jingim amma ba tantancewa.

Matsalar duk rumbunan hoto ɗaya ce: hoton a tsaye yake, fim kuwa motsi ne. Hoto ɗaya daga waccan fitowa ta Goodfellas ba zai nuna maka komai ba sai mutum biyu a gefen taga. Don haka idan abin da kake nema motsi ne ko yanka, ka koma wajen masu sharhin bidiyo. Tony Zhou da Taylor Ramos sun yi jerin Every Frame a Painting a YouTube daga 2014 zuwa 2016, kowane kashi yana ɗaukar abu ɗaya ya warware shi, kamar yadda Akira Kurosawa yake sa ruwan sama da iska da taron jama'a su motsa a bayan jarumi. Kogonada, kafin ya zama darakta da kansa, ya yi gajerun bidiyoyi yana jera ɗauka iri ɗaya daga finafinan mutum ɗaya: dogayen lungunan Stanley Kubrick da suke haɗewa a ɗigo guda a tsakiyar allo, da lungunan gidajen Yasujiro Ozu. Mark Cousins yana da The Story of Film na 2011, sa'a 15, sannan Women Make Film, sa'a 14 a babi 40, wanda aka tsara shi daidai da irin tambayarka: yadda ake buɗe fim, yadda ake bin mutum da kyamara, yadda ake tsara abin da ke cikin allo, duk da misalai daga finafinan mata daraktoci da jerin intanet ba ya tunawa da su.

Amma hanyar da na fi yarda da ita, wadda nake fara koya wa ɗalibai kafin kowane shafi, ita ce ka tsaya ka karanta sunayen ƙarshen fim. Mutane suna riƙe sunan darakta su manta da mai ɗaukar hoto, da mai tsara wurin wasa, da mai tace hoto, alhali salon ido sau da yawa da su yake tafiya daga fim zuwa fim, daga ƙasa zuwa ƙasa. Wanda ya ɗauki Goodfellas shi ne Michael Ballhaus, Bajamushe. Bi shi baya, sai ka tarar ya yi shekaru yana aiki da Rainer Werner Fassbinder a Jamus, kuma a fim ɗinsu Martha na 1974 akwai wata ɗauka da kyamara take kewaye mace da namiji da'ira cikakkiya a haɗuwarsu ta farko. Wannan kewaye ya zama kamar sa hannunsa, ya tafi da shi Amurka inda ya ɗauki finafinai bakwai na Scorsese. Ka ga daga tambayarka ta farko mun faɗo kan Fassbinder, shi kuma Fassbinder shi ne tsakiyar amsar tambayarka ta biyu. Haka bin sawu yake. Idan ka sami sunan mai ɗaukar hoto, ka nemi hirarsa a mujallar American Cinematographer, wadda take fitowa tun 1920. A nan ne suke faɗin zanen wa suka duba da finafinan wa suka kalla kafin su fara aiki, kuma wannan jerin nasu ya fi duk wanda inji zai ba ka.

To mu zo kan matarka da aka kulle. Ka fara da All That Heaven Allows na Douglas Sirk, 1955. Mata ce mai rufin asiri da mijinta ya rasu, ta kamu da son mai gyara mata itatuwan lambu, wanda ta girme shi kuma ba ajinsu ɗaya ba. 'Ya'yanta da ƙawayenta suka taso ta a gaba har ta haƙura da shi. Lokacin Kirsimeti 'ya'yan suka zo, kowanne ya shaida mata zai kama gabansa, wato sadaukarwar da ta yi ta tashi a banza. Sai aka turo kyautar da suka saya mata, akwatin talabijin. Mai sayarwa yana ta bayanin yadda akwatin zai ɗebe mata kewa, kyamara tana matsawa a hankali wajen gilashin akwatin da ba a kunna ba, har fuskarta ta bayyana a ciki, zaune, shiru, katakon akwatin ya kewaye ta ta kowane gefe. Ba ta ce uffan ba, kuma ba a buƙatar ta ce. Na nuna wannan fitowa sau da yawa a aji, kuma kowane karo sai ɗakin ya yi tsit. Abin lura shi ne hoton bai faɗo daga sama ba. Tun farkon fim ɗin ana nuna ta a madubin ɗakinta, da bayan tagar gida tana leƙen waje, da a jikin fiyano mai sheƙi. An shirya idonka tun da wuri, akwatin talabijin ne kawai ya rufe ƙofar.

Fassbinder ya ƙaunaci finafinan Sirk, ya yi rubutu a kansu, sannan a 1974 ya ɗauki ƙashin wannan labari ya yi Ali: Fear Eats the Soul. A nan dattijuwa ce mai aikin shara a birnin Munich ta auri ma'aikaci ɗan Maroko da ta girme shi nesa ba kusa ba. Shi Fassbinder ƙofa da matakala ya fi riƙewa. Sau da yawa kyamara tana tsayawa a wani ɗakin tana hango su ta bakin ƙofa, su biyu ƙanana a can ciki, bango ya cinye rabin allo, kamar mu ma muna cikin maƙwabtan da suke sa musu ido. Akwai inda abokan aikinta suka ƙaurace mata, aka nuna ta zaune ita kaɗai a matakala ta tsakanin sandunan dogarawa, kamar mai zaman kurkuku. Kuma ranar da ta gabatar da mijin ga 'ya'yanta, ɗanta ya tashi ya sa ƙafa ya fasa gilashin talabijin. Wanda bai ga fim ɗin Sirk ba zai ɗauka fushi ne kawai. Wanda ya gani ya san amsa ce ake mayarwa bayan shekara 19. Daga nan sawun ya wuce wajen Todd Haynes, a Far from Heaven na 2002 da Carol na 2015, duka biyun Edward Lachman ne ya ɗauka. A Carol kusan kullum akwai gilashi tsakaninka da matan, tagar mota mai raɓa, tagar shago, ruwan sama yana gangarowa a kai.

Ƙofa tana da wani dangin daban. The Searchers na John Ford, 1956, yana buɗewa da allo baƙi ƙirin, a buɗe ƙofa daga cikin gida, hasken hamada ya shigo. Yana rufewa da ƙofar wani gida: kowa ya shige ciki, jarumin ya tsaya a waje shi kaɗai, ya juya, ƙofa ta rufe. A nan wanda yake waje ne aka kulle. Quentin Tarantino ya maimaita siffar a Kill Bill kashi na biyu da farkon Inglourious Basterds. Sai In the Mood for Love na Wong Kar-wai, 2000, inda maƙwabta biyu a Hong Kong ta shekarun 1960 ba a cika ganinsu a fili ba sai ta ƙofa, ta labule, ta madubi, ta lungun da bai isa mutum biyu su wuce ba su goga kafaɗa ba. Ozu kuma, a Tokyo Story na 1953, yana ajiye kyamara ƙasa-ƙasa kusan ba ta motsi, ƙofofin gida masu zamewa su yi layi a cikin layi, mutane su fita su bar ɗakin, kyamara ta ci gaba da kallon wurin da suka bari.

Ta yaya za ka san alama ce ta gaske ba kai ne kake ƙaƙaba mata ma'ana ba? Ni abu biyu nake dubawa. Ta dawo fiye da sau biyu a wuraren da labari yake juyawa? Kuma ta sauya tsakanin zuwanta na farko da na ƙarshe? Ƙofar Ford ta buɗe sannan ta rufe. Madubin Sirk ya tashi daga na kwalliya ya koma akwati. A Scarface na Howard Hawks, 1932, alamar X tana bayyana a inuwa ko a ƙarfen rufi ko a jikin ƙofa idan za a kashe wani, Scorsese kuma ya ɗauko ta da gangan a The Departed na 2006, wanda shi ma Ballhaus ne ya ɗauka. Idan abu ya fito sau ɗaya a kusurwa bai sake dawowa ba, mai yiwuwa kayan ɗaki ne kawai.

Akwai wani gibi da ya kamata ka sani. Rumbunan nan da jerin nan sun fi cika da finafinan Amurka da Turai na shekarun baya-bayan nan, saboda masu saka alamar abin da suka fi kallo ke nan. Idan ka tsaya a kansu za ka ɗauka sauran duniya ba ta da ido. A Kaagaz Ke Phool na Guru Dutt, 1959, fim ɗin Indiya na farko a faffaɗan allo na CinemaScope, mai ɗaukar hoto V. K. Murthy ya yi amfani da madubai ya karkato hasken rana cikin wani katon ɗakin shirya fim mai duhu, ya sauko kamar ginshiƙi tsakanin mace da namijin da ba za su taɓa samun juna ba. A Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty, Senegal, 1973, ƙahon sa da aka ɗaura a gaban babur yana bin labarin daga farko har ƙarshe, yana haɗa saurayin da garken da aka nuna ana kai wa mayanka. Irin waɗannan ta littattafan tarihin fim da jadawalin bukukuwan finafinai da kamfanonin da ke gyara tsofaffin finafinai ake isa gare su.

Game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake yi wa tambaya su amsa, suna da amfani wajen samo sunan dabara idan ka kwatanta musu abin da ka gani. Wajen misalai kuwa kada ka yarda sai ka gani da idonka. Na taɓa tambayar ɗaya daga cikinsu finafinan da suka yi amfani da rabin gilashin nan, ta ba ni jeri mai kyau, har da bayanin wata fitowa a wani fim da na sani sosai. Na zauna na sake kallon fim ɗin daga farko har ƙarshe ina jiran fitowar. Babu ita. Da na kai wannan misali aji ban duba ba, da ɗalibai sun tafi da ƙarya a littafinsu da sunana a kai.

Shi ya sa nake son ka buɗe naka rumbun tun yau. Duk fitowar da ta taɓa ka, tsayar da fim ɗin, ɗauki hoton allo, rubuta sunan fim, shekara, minti da daƙiƙa, sunan mai ɗaukar hoto, da jimla ɗaya kan abin da ke faruwa a labarin a daidai lokacin. Jimlar nan ta ƙarshe kada ka tsallake ta, ita ce shafukan nan ba sa bayarwa, kuma ita za ta gaya maka ko hoton zai yi aiki a naka labarin. Ka raba hotunan a jaka-jaka da kalmominka: madubi, ƙofa daga ciki, ƙofa daga waje, gilashi mai ruwa, sanduna. Fim ɗin da ka riga ka san labarinsa, sake kallonsa ba sauti. Da zarar magana da kiɗa sun ɗauke, ido zai fara ganin inda aka ajiye mutum da abin da aka gindaya tsakaninka da shi.

Don gajeren fim ɗinka, ga yadda zan so ka bi su: Sirk tukuna, sannan Fassbinder a cikin mako guda don talabijin ɗin yana sabo a ranka, sannan Carol, sannan Wong Kar-wai. A kowanne ka ƙirga sau nawa aka nuna matar babu komai tsakaninta da kyamara, ka kuma rubuta me yake faruwa da ita a waɗannan 'yan lokuta. Bayan haka ka je gidan da za ka yi ɗauka da kyamararka, ba tare da 'yan wasa ba, ka tsaya a bakin kowace ƙofa da safe da kuma yamma, ka ga wacce ce za ta buɗe fim ɗin, wacce ce za ta rufe shi.